Wane Ƙamus Ya Dace da Mai Neman Ma'ana da Asalin Kalmar Turanci? Gwaji da Kalmar "Articulate"

Kalmar *articulate* tana yawan fitowa a tallan guraben aiki da kuma wasiƙun shaida da malamai ke rubuta wa ɗalibansu, inda ake nufin mutumin da yake iya fitar da abin da ke ransa daki-daki, ba inda-inda, har mai sauraro ya fahimta ba tare da ya sake tambaya ba. Wanda ya ci karo da ita kuma yake son ya riƙe ta da kyau yakan tashi da tambaya biyu: yaya ake amfani da ita a yau, kuma daga ina ta samo asali? Tambayoyin nan ba ɗaya ba ne, kuma ba kowane ƙamus ne yake amsa su duka ba. A nan ne mai ƙaramin ƙarfi yake shiga tsaka mai wuya, domin kuɗin da zai kashe ba su wuce na littafi ɗaya ba, ko kuwa datar da ke wayarsa ba ta isa ya yi ta yawo daga wannan shafi zuwa wancan.

Kafin a auna ƙamusoshin, ya kamata a san amsar da ake tsammani daga gare su. Kalmar ta shigo Turanci a ƙarni na 16 daga Latin. Tushenta *artus* ne, wato gaɓar jiki, daga nan aka sami *articulus*, ƙaramar gaɓa, sai kuma aikatau *articulare*, wato rarraba abu gaɓa-gaɓa. Bahaushe ba ya bukatar dogon bayani a nan, domin da kalmar gaɓa muke kiran mahaɗar ƙashi, da ita kuma muke kiran yankin kalma da ake furtawa a bugu ɗaya. Mai magana *articulate* shi ne wanda kowace gaɓa ta maganarsa take fita a rarrabe, ba ta cakuɗe da 'yar'uwarta ba, daga baya kuma ma'anar ta faɗaɗa daga tsabtar furuci zuwa tsabtar tunani. Daga wannan tushe ne *article* ta fito, kuma shi ya sa mutanen Ingila suke kiran tirela *articulated lorry*, saboda kanta da gangar jikinta a gaɓa suka haɗu. Ƙamus mai kyau zai kuma nuna cewa kalmar sifa ce kuma aikatau ce, rubutu ɗaya amma furucin gaɓar ƙarshe ya bambanta: a sifa gajere ne, a aikatau kuwa ana jan sa kamar yadda ake furta *late*.

Ma'aunan da aka bi

Ma'auni na farko shi ne ko ƙamus yana bayyana ma'anar yau da Turancin da mai koyo zai gane, tare da jimlolin misali, domin bayanin da sai an sake buɗe shafi uku kafin a fahimce shi bai cika bayani ba. Na biyu shi ne asali, kuma a nan abin dubawa ba tsawon labari ba ne, hujja ce: wace shekara aka fara ganin kalmar a rubuce, kuma a wane rubutu. Sai farashi, wanda ya haɗa da kuɗin data ga abin da ake kira kyauta. Sai ƙarko, wanda yake da fuska biyu, domin littafi yana iya jure laimar damina da gara amma abin da ke cikinsa ya tsufa, shafin intanet kuwa kullum sabo ne amma ranar da babu sabis babu shi. Na biyar sauƙin amfani. Na ƙarshe, wanda na fi ba wa nauyi, shi ne haɗari, wato irin kuskuren da kowane ƙamus yake iya jefa wanda bai san halinsa ba.

Oxford Advanced Learner's Dictionary

Wannan shi ne ƙamus ɗin da mafi yawan waɗanda suka yi sakandare a Najeriya da Gana suka fi sani, kuma tarihinsa yana bayyana ƙarfinsa. A. S. Hornby, malamin Turanci ɗan Ingila da ya yi shekaru yana koyarwa a Japan, shi ya jagoranci tsara shi, aka fara buga shi a Tokiyo a 1942, sannan madaba'ar Jami'ar Oxford ta fitar da shi a 1948. Bugu na 10 ya fito a 2020. Tun daga farko an yi shi ne domin wanda Turanci ba harshen uwarsa ba ne, shi ya sa ake bayyana kalmomi da taƙaitattun kalmomin da mai koyo ya riga ya sani.

A kan *articulate* yana yin abin da ake bukata: yana raba sifa da aikatau, yana nuna cewa sifar tana hawa kan mutum kuma tana hawa kan magana, yana ba da kishiyarta *inarticulate*, yana kuma yi wa aikatau ɗin alamar cewa na rubutu ne da zance na hukuma, ba na hira a majalisa ba. Wannan alama ƙarama ce a ido, amma ita ce ke hana ɗalibi saka babbar riga ya tafi gona. Rauninsa yana wajen asali. Bugun takarda bai damu da tushen kalmomi ba, sai a shafinsa na intanet, wanda ake shiga kyauta, ake samun layi biyu ko uku na asalin kalma tare da sautin furuci na Ingila da na Amurka. Layukan daidai suke, sai dai babu hujja a tare da su, kuma ba sa nuna yadda ma'ana ta yi ta sauyawa.

Farashin bugun takarda yana bin canjin kuɗi, tunda daga waje ake shigo da shi, kuma mai bango mai tauri ya fi mai laushi tsada da kuma ƙarko. Haɗarin da ke tattare da shi na kasuwa ne. Littafin da ake nema haka ba ya rasa masu buga na jabu, kuma ana gane jabun da takarda mai duhu wadda rubutun bayanta yake lekowa, da hotuna masu dishi-dishi, da gindin da aka manna da gam kawai, wanda shafuka ke fara zubewa kafin zango ya ƙare. Wani lokaci har da shafukan da aka tsallake ko aka maimaita. Mai saye ya buɗe tsakiyar littafin ya bi lambobin shafi kafin ya biya, kuma idan farashin ya yi araha fiye da hankali, ya san cewa araha ba ta ado.

Oxford English Dictionary

Sunan ya yi kama da na farko, madaba'ar ma ɗaya ce, amma aikinsu ya sha bamban, kuma mutane da yawa suna rikita su. Wannan ƙamus ne na tarihi. Wata ƙungiyar masana harshe ta Landan ce ta kawo shawarar yin sa a 1857, James Murray ya karɓi jagorancin aikin a 1879, kashi na farko ya fito a 1884, ba a kammala ba sai 1928, bayan rasuwar Murray da shekaru. Bugu na biyu na 1989 juzu'i 20 ne. Tun 2000 yana kan intanet, inda ake sabunta shi sau huɗu a shekara, kuma yana ɗauke da kalmomi fiye da rabin miliyan da jimlolin hujja fiye da miliyan 3. A sabuntawar Janairun 2020 aka shigar da kalmomi 29 na Turancin Najeriya, ciki har da *okada* da *danfo* da *Kannywood*.

A ma'aunin asali babu na biyunsa. Ba ya tsayawa ga cewa *articulate* daga Latin take, yana jero kowace ma'ana da ta taɓa ɗauka, ƙarƙashin kowace kuma yana kawo jimloli daga rubuce-rubuce na ainihi da shekarunsu, ta yadda mai karatu zai ga da idonsa lokacin da kalmar gaɓar jiki ta koma kalmar magana. Duk wanda ya saba da yadda malaman lugga ke kafa hujja da baitin waƙa zai gane wannan hanya nan take.

Sai dai ƙarfin nan shi ne tarkonsa. Ana jera ma'anoni ne bisa tsufa, mafi daɗewa a sama, kuma wasu daga cikinsu sun mutu tun ɗaruruwan shekaru, an yi musu 'yar alama mai kama da wuƙa wadda baƙo ba zai lura da ita ba. Ɗalibin da ya ɗauki ma'ana ta farko ya saka a wasiƙar neman aiki zai iya rubuta Turancin da ba a ƙara ji ba tun zamanin sarakunan da. Ga kuma tsada: rajistar mutum ɗaya ta shekara ta kasance kusan dala 100 a farkon shekarun 2020, kuma da katin banki mai biya a waje ake yin ta. Wanda bai biya ba yana ganin ɗan taƙaitaccen bayani ne kawai a kan kalma, wanda yakan haɗa da lokacin da aka fara ganin ta. Hanya mafi sauƙi ita ce ɗakin karatu na jami'a, idan yana da rajista ko yana da juzu'an 1989. Juzu'an nan suna da ƙarko irin na gado, amma sun tsaya inda suka tsaya. Akwai ma bugun da aka matse su duka cikin littafi ɗaya, rubutun ya ƙanƙance har sai da gilashin ƙara girma ake karanta shi, kuma ban ga dalilin da zai sa mai neman sauƙi ya nufe shi ba.

Merriam-Webster

Wannan na Amurka ne, kuma tushensa ƙamus ɗin da Noah Webster ya fitar a 1828, wanda 'yan'uwa biyu, George da Charles Merriam, suka sayi haƙƙinsa bayan rasuwarsa a 1843. Shafinsa kyauta ne, manhajarsa ta waya kuma tana buɗe ma'anoni ko babu data, sai sautin furuci ne yake bukatar sabis. A ganina shi ne ya fi kusa da haɗa amsar tambayoyin nan biyu a wuri ɗaya, domin yana ba da ma'ana, da asali a taƙaice, da shekarar da aka fara sanin kalmar.

Yana da wata baiwa da ta shafi batunmu kai tsaye, wato sakin layi da yake rarrabe kalmomi masu kusancin ma'ana. A ƙarƙashin *clear*, misali, yana nuna cewa ita tana nufin maganar da babu duhu ko harshen damo a cikinta, *lucid* kuwa tana ƙara tsari da bin hankali, *perspicuous* kuma tana hawa kan salon da ya haɗa sauƙi da kyau. Mai fassara da mai rubuta labari sun san darajar irin wannan. Matsalarsa uku ce. Bayaninsa an yi shi ne domin wanda Turanci harshen uwarsa ne, don haka yana da nauyi ga mai koyo. Alamomin furucinsa nasa ne na kansa, ba waɗanda ake koyarwa a darasin furuci na sakandare ba. Sannan rubutunsa na Amurka ne, *color* da *center* da *defense*, alhali makarantunmu tsarin Ingila suke bi, kuma gauraya tsarin biyu a takarda ɗaya aibu ne da mai duba jarrabawa ko edita ba ya rasa gani.

Etymonline da Wiktionary

Etymonline aikin mutum ɗaya ne a asali, Douglas Harper, Ba'amurke, wanda ya fara shi a 2001 yana tattaro asalin kalmomi daga manyan ƙamusoshi. Kyauta ne, ba ya cin data sosai, kuma yana da daɗin karatu, domin daga *articulate* zai kai ka ga tsohon tushen da ke nufin haɗa abu da abu, wanda ta hanyar Girkanci ya haifi *arthritis*, ciwon gaɓoɓi. Shafin da kansa yana gargaɗi cewa asali ba ma'ana ba ce, kuma gargaɗin ya cancanci a riƙe shi. Kalmar *nice* daga kalmar Latin mai nufin jahili ta fito, amma wanda aka ce masa *nice* yau ba zaginsa aka yi ba. Mu ma muna da irin wannan a gida: fasaha a Larabci tsabtar harshe ce, amma a bakin Bahaushen yau ta zama abokiyar tafiyar kimiyya, kuma babu mai cewa injiniya ya yi kuskure da ya kira aikinsa fasaha. Wanda ya dogara da Etymonline shi kaɗai zai san kakannin kalma amma bai san inda take kwana ba.

Wiktionary, wanda aka buɗe a 2002, kowa yana iya gyara shi. Yana da saurin ɗaukar sababbin kalmomi, ana kuma iya sauke shi a waya ta manhajar Kiwix a yi amfani da shi ba data, amma ingancinsa ya danganta da wanda ya taɓa shafin a ƙarshe.

Ƙamus na Turanci da Hausa

Akwai na Neil Skinner da aka buga a Zariya a 1965, akwai kuma na Roxana Ma Newman da madaba'ar Jami'ar Yale ta fitar a 1990, wanda yake nuna karin sauti da tsawon wasali. Amfaninsu shi ne gajarta hanya, domin mai koyo yana samun ma'ana da harshen da yake tunani da shi. Ba sa ba da asalin kalmar Turanci, tunda ba don haka aka yi su ba, kuma samun sabon kwafi yana da wuya. Haɗarin duk wani ƙamus mai harshe biyu shi ne matse kalmomi da yawa cikin fassara ɗaya. "Mai iya magana" zai iya tsaya wa *articulate* da *eloquent* da *fluent*, alhali ta farko rarrabewa ce, ta biyu daga tushen furtawa ta fito kuma tana nufin maganar da ke motsa zuciya, ta uku kuwa daga tushen gudana take, wato maganar da ke zuba ba tangarɗa ko da babu zurfi a cikinta. Wanda ya yi karatun zaure zai tuna da bambancin da malamai ke yi tsakanin fasaha da balaga, kuma tazarar da ke tsakanin *articulate* da *eloquent* ba ta yi nisa da wannan ba.

| Ƙamus | Ma'anar yau | Asali | Farashi | Ƙarko | Sauƙi | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|---|
| Advanced Learner's | Mafi kyau ga mai koyo | Kaɗan, a intanet | Matsakaici. Shafin kyauta | Mai kyau idan na ainihi ne | Mai sauƙi | Bugun jabu |
| Oxford English Dictionary | Akwai, cikin tarin tsofaffi | Mafi zurfi, da hujja | Mai tsada | Takarda ta gado ce. Rajista tana ƙarewa | Mai wuya | Ɗaukar matacciyar ma'ana |
| Merriam-Webster | Mai kyau, da ɗan nauyi | Taƙaitacce, da shekara | Kyauta | Manhaja tana aiki ba data | Matsakaici | Rubutun Amurka |
| Etymonline | Babu | Mai faɗi | Kyauta | Ya dogara da sabis | Mai sauƙi | Ɗaukar asali a matsayin ma'ana |
| Wiktionary | Ya danganta | Ya danganta | Kyauta | Ana iya sauke shi | Matsakaici | Gyaran da ba a tantance ba |
| Turanci da Hausa | Fassara a taƙaice | Babu | Ya danganta da samuwa | Ya tsufa a sababbin kalmomi | Mafi sauƙi | Cakuɗa kalmomi masu kama |

Ban saka saƙonnin WhatsApp da manhajojin da ke amsa tambaya a jadawalin ba, amma daga can ne mafi yawan labaran asalin kalmomi suke iso wa mutane. An daɗe ana yaɗa cewa *news* haruffan farko ne na arewa da gabas da yamma da kudu a Turanci, alhali jam'in *new* ce kawai, wato sababbin abubuwa, kuma ta girmi al'adar ƙera kalma daga haruffan farko da ɗaruruwan shekaru. Haka labarin cewa *sincere* tana nufin "babu kakin zuma" ba shi da hujja. Manhaja mai amsa tambaya tana iya faɗin gaskiya da ƙarya da murya ɗaya, don haka duk abin da ta faɗa a kan asalin kalma sai a gwada shi da ɗaya daga cikin ƙamusoshin da ke sama.

Wa ya dace da wanne

Ɗalibin sakandare da ke shirin jarrabawar WAEC ko NECO, da ɗalibin shekarar farko a jami'a, su sayi Advanced Learner's na ainihi ko da tsohon bugu ne na hannu, domin bugu na 8 ko na 9 mai cikakkun shafuka ya fi sabon jabu, asali kuma su duba shi kyauta a shafin ƙamus ɗin idan sha'awa ta taso. Wanda waya ce kawai ƙarfinsa, kuma sabis yana yi masa wuya, ya sauke manhajar Merriam-Webster, amma ya riƙa tuna cewa rubutunta na Amurka ne. Mai fassara da ɗan jarida da ke aiki tsakanin harsunan biyu suna bukatar ƙamus na Turanci da Hausa a gefe ɗaya, da sakin layin rarrabe kalmomi na Merriam-Webster a ɗaya gefen, domin na farko yana ba su kalmar Hausa, na biyu kuma yana gaya musu ko ita ce ta dace. Malamin Turanci da yake son ɗalibai su daina manta kalma zai sami kayan aiki a Etymonline, tunda ɗalibin da aka nuna wa gaɓa a cikin *articulate* da wuya ya sake rikita ta da *fluent*, sai dai ya rufe darasin da jimlar misali ta yau. Biyan kuɗin Oxford English Dictionary kuwa ya dace ne da mai rubuta kundin digiri a kan harshe ko adabi, da lauya ko mai binciken tarihi da ke son sanin abin da kalma take nufi a takardar 1903 ba a ta bana ba, kuma ko su ma su fara tambayar ma'aikacin ɗakin karatu kafin su taɓa aljihu.